Ruwan Ƙanƙarar da Aka Ba Bikili

Ranar wata Lahadi ce, a tsakiyar bazarar shekarar da na shiga CM1, wato aji biyar a lekol ɗinmu, makarantar boko, na fara ganin Baffa Sale a bayan doki, kuma har yau in na tuna sai na ja tsaki. Da hantsi ya fito daga ɗakinsa cikin sabuwar shadda ruwan ƙwai wadda ko ninkinta bai baje ba, da baƙin tabarau, da takalmi mai tsini irin na masu zuwa ofis. Ya sa aka kifa masa turmin Inna, mahaifiyata, a tsakar gida, ya taka, ya ɓullo wa dokin ta hannun dama, inda ko ƙaramin yaro a gidanmu ya san ba ta nan ake hawa ba. Ya yi ta kokawa da likkafa, riga ta naɗe masa ƙafa, daga ƙarshe ya faɗa kan sirdi kamar an jefa buhun gawayi a amalanke. Mai hoton da ya ɗauko musamman daga kasuwa yana durƙushe yana ce masa ya ɗaga haɓa. Ni kuwa ina riƙe da ragama, shekarata goma, ina jin yadda jikin dokin ke ɓari a ƙarƙashin wannan kaya da aka ɗora masa.

Bikili muke kiransa, da sunan launinsa, ja mai duhu da baƙar geza. Dokin kakana ne, Malam Inuwa, mahaifin babana da Baffa Sale. Iyayen Kaka sun zo N'Djamena tun zamanin Faransa da fataucin goro da kanwa, kuma bai taɓa sanin gidansu babu turke ba. Ko da muka koma Gudji, lokacin unguwar duk fili ce da 'yan gidaje jefi-jefi, kafin a sa wa gidan ƙofa ya kafa turken Bikili a gindin darbejiya. Kaka bai taɓa sukuwa ba, bai taɓa leƙa filin tsere ba. Dokin ƙafarsa ne kawai. Da shi yake zuwa masallacin Juma'a, da shi yake sammako ya ƙetare gada zuwa gonarsa ta Tukra, ya dawo da yamma da harawa ɗaure a bayan sirdi, wani lokaci da ni a gabansa ina gyangyaɗi.

Yayyena maza biyu ƙwallo ta ɗauke musu hankali, babana kuma kullum yana kan hanya, saboda haka aikin dokin ya faɗo kaina, ban kuwa taɓa jin nauyinsa ba. Kafin in sa rigar lekol sai na kwashe kashinsa, na zuba masa sabon yashi a ƙasa, na dama masa dusa da 'yar kanwa. In na dawo in cire masa kaska a kunne da gindin wutsiya, in sa tsinke in ƙwaƙule tsakuwa daga kofato. 'Yan ajinmu suka laƙaba mini Madam Juwad, da sunan doki a Larabci, wai ina warin barga. In muna carafke a gindin katanga sai su toshe hanci, ni kuma in cinye su in kama gabana. Kaka, da yake wasan jika ne tsakaninmu, Amarya yake kirana, kuma ni kaɗai ya koya wa dokokinsa. Babba a cikinsu ita ce dokar ruwa. In ya dawo daga tafiya, ba ya barin Bikili ya ga ko inuwar bokiti. Sai a sauke sirdi, in ja shi a hankali mu yi ta zagaya tsakar gida, sannan in sa hannu a bayan kunnensa. "In da gumi, babu ruwa, Amarya," haka yake cewa. "In ya bushe, ki ba shi na randa rabin bokiti, ki jira, ki ƙara. Hatsi kuwa sai can da yamma, 'yar ƙwarya ɗaya." Na ji wannan magana har na haddace ta kafin in haddace lissafin lekol.

A farkon waccan shekarar hawan jini ya taɓa Kaka, ƙafarsa ta hagu ta yi nauyi, ita ce kuwa ƙafar da ake fara sawa a likkafa. Bai yi kuka ba, bai kwanta ba. Ya sa na ɗauko gawayi na ja layi a jikin darbejiya daidai tsayin likkafar Bikili, kullum da safe ya dafa turke ya yi ta ɗaga ƙafar yana neman layin, dokin na shinshinar hularsa. Ya ce ruwan farko na damina a Tukra zai same shi, a kan dokinsa, ya ga shuka da idonsa. Zuwa tsakiyar bazara saura kamar faɗin yatsu huɗu ƙafar ta kai layi. Ni nake aunawa, kuma ba na yi masa ragi.

Shi kuwa Baffa Sale ƙanƙara yake sayarwa. Yana da injinan daskarar da ruwa guda biyu a shagonsa na bakin titi, kuma a bazarar N'Djamena mai wannan sana'a sarki ne. Da aljihu ya ɗan yi nauyi sai ya faɗa cikin wasu samarin 'yan kasuwa da suka mai da doki abin ado, kamar agogo. Ran Lahadi su fito su biyar ko shida, su bi bakin kwalta inda mutane suka fi yawa, suna finciko linzami don dokin ya ɗaga kai ya yi haniniya, su kuma su ɗauka jarumta ce. Kowannensu zai gaya maka garin da aka ɗinka jalalar sirdinsa, amma tambaye shi yaushe rabon da a duba kofaton dokinsa, sai ya kalle ka kamar ka zage shi. Ba ɗaya daga cikinsu da ya taɓa ɗaukar tsintsiya ya share gindin turke. Baffa ba shi da doki, ga shi kuma akwai ɗaya a gida ɗaure. Sau biyu ya roƙa, Kaka ya hana. A na uku ya zo da dabara, ya ce dokin ya daɗe bai motsa ba, ƙafafunsa za su sage. Wannan gaskiya ce, ita kaɗai ce ma gaskiyar da na taɓa ji daga bakinsa a kan doki. Kaka ya yarda da sharaɗi: kilisa kawai, a kan yashi, a dawo kafin rana ta take, ruwa kuma a bar wa Zulai, wato ni.

Sai bayan azahar suka dawo. Tun daga ƙofa na ji numfashin Bikili. Kumfa ta rufe masa ƙirji, gefen bakinsa ya tsage yana jini inda linzami ya ci, ƙafafunsa na rawa. Abokan Baffa uku suka biyo shi har cikin gida, suna ta yi masa tsiya wai dokinsa ramamme ne, ana ƙirga haƙarƙarinsa, wai a gidan nan ba a ciyar da dabba. Abin ya sosa masa rai ƙwarai. Nan take ya aika shago aka kawo sandunan ƙanƙara biyu. Ya fasa ɗaya a buta da kwanuka ya raba wa baƙinsa, ya fasa ɗayar a babban daron wankin Inna, ya cika shi da ruwa. Ya kuma shiga ɗakin ajiya ya ciko wani daron da gero, ya dire a gaban turke. Ina cikin kwance majayin sirdi na ga abin da ake shirin yi.

"Baffa, bai huce ba," na ce. "Kaka ya ce in da gumi babu ruwa. Ga bayan kunnensa nan sharkaf."

"Ke Zulai, mu mutane mun sha glas, ruwan ƙanƙara, sai dabba ce za a bari da ƙishirwa a wannan zafin? Ba ki da imani ne? Kalas, ya isa, matsa."

Ɗaya daga cikin baƙin ya ƙyalƙyale da dariya, ƙanƙara a bakinsa. "Sale, ashe da veterinar, likitan dabbobi, a gidanku ba ka faɗa mana ba!"

Baffa ya fizge ragamar daga hannuna. Na ruga ɗakin Kaka, wanda ya sha magani ya ɗan kwanta. Kafin in tashe shi, in nemo sandarsa, ya jawo ƙafar nan zuwa bakin ƙofa, daron ruwa ya koma rabi da 'yan gutsattsarin ƙanƙara na yawo a ciki, Bikili kuma ya tusa kai cikin gero yana haɗiya ba taunawa. Baffa na tsaye ya riƙe ƙugu yana murmushi, shi a dole ya nuna karamci. Kaka bai ko dube shi ba. Ni ya ce wa in janye daron geron, na janye, amma abin da ya shiga ya riga ya shiga.

Kafin la'asar ciwon ciki ya kama shi. Ya fara tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana neman kwanciya ya yi birgima. A nan manyan mahaya suka baje iliminsu. Wani ya ce a ɗura masa lemon kwalba ya yi gyatsa. Wani ya ce ba komai ba ne illa bakin mutane, ai yau duk gari ya ga Sale a kan doki, a kawo garwashi a yi hayaƙi. Na ukun ya duba agogonsa ya tuna yana da baƙo. Ba a jima ba sauran ma suka tuna da nasu baƙin, suka sulale, ko sallama ba su yi wa Kaka ba. Kaka ya ce kada in bar shi ya kwanta. Na ja shi muka yi ta zagaye, ina yi masa magana, ina kuka, cikinsa na ƙara kumbura. Da yake Lahadi ce, da ƙyar yayana ya samo likitan dabbobi dab da magariba. Ya yi masa allura, ya danna cikin, ya tambayi abin da aka ba shi. Da aka gaya masa sai ya tambayi wa ya ba shi. Baffa kuwa ya riga ya tafi shago, wai kada ƙanƙara ta narke.

Washegari da hantsi Bikili ya mutu a gindin turkensa, kansa a kan cinyata, ina sanye da rigar lekol da ban je da ita ko'ina ba. Aka kira masu amalanke suka fitar da shi bayan gari. Na yi zaton Kaka zai yi faɗa, na ma so ya yi, ya tara gida ya wanke Baffa tas. Bai yi ba. Abin da ya yi ya fi faɗa ciwo: da safe bai fito wajen darbejiya ba, kuma bai sake ɗaga ƙafar nan ba. Babana ya ce zai samo masa wani dokin, Kaka ya ce shi da sabon doki ba su da lokacin sanin juna. Ranar da ruwan farko ya sauka, yana zaune a bakin ƙofa ya ga layin gawayi na wankewa daga jikin bishiya, ya ce, "Amarya, yau ana shuka a Tukra." Bai sake ƙetare gadar ba har ya koma ga Mahaliccinsa.

Baffa kuwa ya gaya wa duk wanda ya tambaya cewa dama dokin ya tsufa, kwanansa ne ya ƙare. Hoton nan na kan turmi aka faɗaɗa shi, aka yanke turmin, aka sa shi a gilashi. Yana nan rataye a falonsa har gobe, yana nuna wa baƙi yana cewa a zamaninsa shi ma ya yi doki. Ina gaishe shi, ina kai masa abincin Sallah, don ƙanin mahaifina ne, amma in na shiga falon kujerar da ta ba hoton baya nake zaɓa.

Yanzu a unguwar Atron nake zaune da 'ya'yana, kuma irin su Baffa ba su ƙare ba, sai ma ƙaruwa da suka yi. Ran Lahadi suna wucewa ta layinmu, linzami a hannu ɗaya, waya a ɗayan suna ɗaukar fuskokinsu. A da mutum ɗaya da doki ɗaya sukan tsufa tare a gida guda, yanzu kuwa hoto ya fi dokin daɗewa a hannunsu. Kwanan baya wani saurayi ya tsaya a ƙofata, dokinsa jiƙe da kumfa, ya ce, "Hajiya, a taimaka da ruwan sanyi, dokin ya galabaita." Ban san lokacin da hannuna ya kai bayan kunnen dabbar ba. Sharkaf. Na ce masa ya sauko, na karɓi ragama, na bar shi tsaye da wayarsa, muka yi ta zagaya layi ni da dokin a hankali, maƙwabta na leƙe. Ruwan randa na ba shi, rabin bokiti, bayan kunnen ya bushe. Shekara talatin ke nan, amma da na miƙa bokitin sai na ji ina jiran wani ya ce mini Amarya.