Mai Gadin Muryar Yaya

Yayana malami ne, ni direban babbar mota. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma shi ya sauke Alƙur'ani tun gemu bai fito masa ba, ni kuwa na tsaya a izu biyu na gudu tasha. Makarantar Faransanci ma na leƙa ta shekara biyu, na fito da gaisuwa da tabon bulala.

Shekara da shekaru Yaya yana tafsirin azumi a masallacin unguwarmu a Garwa. Ya karanta da Larabci, ya fassara da Hausa, ya juya da Fillanci saboda maƙwabta, ana ɗauka a kaset. Da ya rasu, 'yarsa ta fari, wadda ta yi karatun kwamfuta a Ngawundere, ta zauna ta kwashe kaset ɗin kaf ta zuba a tsohuwar kwamfutarta. Allah ya so ta yi da wuri, don ba a jima ba zafin Garwa ya manne zaren, gara ta ci kwalin. Muryar Yaya ta zama ba ta da gida a duniya sai wannan akwati da ke zaurena.

A ciki akwai guda ɗaya da ba tafsiri ba. Wata rana an manta ba a kashe rikoda ba bayan an tashi karatu, sai ta ɗauko ni da shi muna gardama. Ina ce masa tafsirinsa ya yi tsawo, masu azumi na gyangyaɗi, shi kuma yana dariya har da tari, yana cewa, "Kai dai ko a Lahira tasha za ka fara tambaya." Na sa yarinyar ta ware min wannan gefe guda. Ban taɓa ba kowa ba. Mutane sun san shi da rawani da kame baki, ni kaɗai na san wannan dariyar, kuma na yi rowarta.

Da aure zai kai yarinyar Marwa, ta zaunar da ni gaban na'urar.

"Baffa, abin nan ya tsufa. Waɗanda suka yi tsarin da take aiki da shi sun daina kula da shi. Duk ɓarakar da ta buɗe yanzu, ba mai toshewa."

Na ce, "Motata ma an daina yin kayanta tun ba a haife ki ba, kuma ta je Kusiri ta dawo."

"Mota cuta ba ta shigo mata ta katin memori, Baffa."

Ta so ta sauya mata tsari gaba ɗaya, na ƙi, don da ƙyar na haddace wurare huɗun da nake dannawa. Manyan antibirus kuwa, wato masu gadin da ke kama cutar kwamfuta, ta ce wasu sun ƙi hawa tsohuwa sam, wasu in sun hau sai ta kasa numfashi. Da ƙyar ta samo wani ƙarami da har yanzu yake karɓar tsofaffi. Ta ce shi ba ya barci, duk katin da aka soka sai ya laluba shi tun daga bakin ƙofa. Ta cire wayar intanet. Ta ce da Babbar Sallah za ta zo da wani faifai ta kwafe komai, a samu na ajiya. Sannan ta nuna min wani ɗan maɓalli a kusurwa.

"Wannan shi ke kashe mai gadin. Kada ka taɓa shi."

Da ba ta nuna min ba, da har in mutu ban san yana nan ba.

A wurinmu ba a hana karatu. Wanda ya yi sallama ya ce a ba shi tafsirin Malam, ko daga ina ya fito, sai ka ba shi, ka haɗa masa da ruwan sha. Haka mutane suka riƙa zuwa da katin memorin wayarsu, ni ina sokawa ina zuba musu, ina hura hanci. Ni da na gudu daga allo, ga ni ina rabon tafsiri.

Ran nan bayan la'asar Liman ya zo da kansa. Dattijon Bafillace ne, tare suka yi karatu da Yaya, shi ya yi masa wanka, shi ya sallace shi. Zauren ya cika da mutanen da suka biyo shi daga masallaci. Ya kwance bakin rawani ya ciro ɗan katinsa, wanda ya sha yawo a rumfunan masu zuba wa'azi a kasuwa. Ina sokawa sai na'urar ta yi ƙara, wani jan allo ya rufe fuskarta.

Liman ya ce, "Me ta ce?"

Ni ban iya karanta Faransancin ba, amma na san ja. Wani tela da ke zaune kusa ya leƙo, kuma Allah bai ba shi linzami a baki ba.

"Allah gafarta Malam, wai katinka na da cuta."

Wani ya yi tarin da ba na tari ba. Liman ya sunkuyar da kai, ya miƙo hannu a hankali.

"To, ba komai. A bar shi."

Na dubi hannun nan da ya sa Yaya a kabari, ga shi a miƙe, akwati ta kore shi a zaurena gaban jama'a. Kunya ta rufe ni har wuya. Na ce, "Ƙarya take, Malam. Tsufa ne, ruɗewa take yi kamar ni." Aka yi dariya, na kai hannu kusurwa na danna maɓallin nan. Jan allo ya ɓace. Na zuba masa tafsirin azumi uku cur, ya sa min albarka, ya tafi.

Ban ma tuna na mayar da mai gadin ba. Bayan kwana uku na danna Suratu Yusuf, shiru. Na danna wata, shiru. Sunayen duk sun rikiɗe sun zama kamar tafiyar tururuwa. Na je gefen da na ɓoye tawa, ita ma haka.

Yarinyar ta biyo motar safe daga Marwa. Ta wuni a kai, ko tuwo ba ta taɓa ba. Can ta juyo.

"Baffa, wa ya kashe shi?"

Na so in ce wuta ce aka ɗauke. A bakina ƙarya ba ta taɓa yin nauyi ba sai ranar. Na faɗa mata yadda aka yi. Ba ta yi min faɗa ba. Ta ce, "Da ka ce masa ya bar katin, ka kira ni." Sai ta juya ta share ido da gefen mayafi. Muryar ubanta ce, ni ina ta ganin tawa ce ni kaɗai.

Liman ne ya yi shela bayan sallar Juma'a, duk wanda ya taɓa karɓar karatun marigayi Malam ya dawo da shi a kwafa. Ita ta zauna da sabuwar kwamfutarta tana tace kowane kati kafin ta ɗiba. Aka kawo daga unguwanni, wani mai shinkafa ya aiko da nasa daga Yagwa. A hankali tafsirin ya haɗu, sai 'yan giɓi nan da can. Yanzu yana wuri uku, tsohuwar na'urar kuwa ta liƙe mata bakin kati da salatif.

Har Liman ya rasu ban gaya masa katinsa ne ba. A saninsa tsufa ne ya kashe na'urar, kamar yadda na faɗa.

Gardamar nan tamu ce kawai ba ta dawo ba, don ba ta wurin kowa. Kwanaki yarinyar ta zo da 'ya'yanta, na ce bari in kwaikwaya musu dariyar kakansu. Na yi, har da tarin. Ta saurara, ta girgiza kai.

"Ba haka yake yi ba, Baffa."

Na ce, "To, yaya yake yi?"

Ta buɗe baki, ta tsaya, ta rufe. Ita ma dariyar ba ta zo mata ba, har aka kira azahar.