Zanen Dayis Ya Raba Ni Da Rigar Ƙasa

Assalamu alaikum Edita, da duk mai karanta wannan shafi. Ni 'yar Koki ce, kuma lokacin da abin nan ya same ni ina ajin ƙarshe a sakandaren 'yan mata. Allah ya yi ni doguwa tun ina ƙarama, har yaran layinmu suna ce mini falwaya. Tsawon bai taɓa damuna kamar yadda hannuwana suka dame ni ba. Ni mayyar littattafan soyayya ce, na karanta na gidanmu na bi na maƙwabta. A cikinsu kowace jaruma hannunta laushi gare shi kamar auduga, yatsunta zara-zara sun sha lalle, kuma a wurin biki ne saurayi yake fara hango ta ya kasa ɗauke ido. Nawa hannuwan kuwa ƙwallon raga ta gama da su. Daga wuyan hannu zuwa gwiwar hannu duk shati ne baƙi-baƙi, domin nan ne ake tarar ƙwallo in abokan karawa sun doko ta.

Malamarmu ta wasanni ce ta sa ni a wasan. Gajeriya ce, mai faɗa, kullum da usur a wuya. Takan ce dogaye masu dukan ƙwallo suna da yawa, amma doguwar da za ta durƙusa ta tare ta da hannu biyu ba tare da tsoro ba, ita ce ake nema. Wata rana ta kira ni gefe ta ce masu horar da ƙungiyar mata ta ƙasa za su zo Kano neman ƙananan 'yan wasa, kuma ta ba da sunana. Da ƙafarta ta zo gidanmu, ta zauna a zaure ta yi wa Baba bayani. Baba ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce ya yarda, in dai da dogon wando da riga mai dogon hannu da ɗankwali zan yi. Ya ƙara da cewa gara tsawon nan ya yi wani amfani, ban da cinye masa yadi duk sallah. Kafin Malama ta tafi ta ja mini kunne a gaban Umma, ta ce kada abin da ya taɓa hannuwana sai an gama gwaji, ba lalle, ba dilka, ba halawa. Umma ta yi dariya ta ce to wanke-wanke fa, shi ma an yafe mini? Malama ta ce shi kam in ci gaba.

Sai ga bikin 'yar gwaggona a Mandawari ya faɗo gab da ranar, ni ce kuma babbar ƙawa. Akwai wani abokin ango da na taɓa gani sau ɗaya a ƙofar gidan Gwaggo. Sannu kawai ya ce mini, amma a kan wannan sannun na rubuta littafi guda a raina, har da sunayen 'ya'yanmu. Ranar ƙunshi muka cika tsakar gida, mai ƙunshi ta baje kayanta a kan tabarma. Niyyata jan lalle a yatsu kawai. Da na naɗe hannun riga sai ƙawaye suka fashe da dariya, wata ta ce wannan ai hannun ɗan dambe ne, wata ta ce in na miƙa wa miji ruwa da shi zai ɗauka dukansa zan yi. Mai ƙunshi ta juya hannuna ta duba, ta ce baƙin dayis zai rufe shatin nan tas, in ta zuba mini fulawa har gwiwar hannu babu wanda zai san na taɓa riƙe ƙwallo. Na tuna maganar Malama, na kuma tuna abokin ango. Na miƙa mata hannu biyu. Tana zanawa ina jin zafi-zafi, ta ce ai alamar yana kamawa ke nan, don ta haɗa shi da ƙarfi.

Zanen ya yi kyau, wannan kam ba zan hana shi ba. Ranar ɗaurin aure na yi ta gyara mayafi don hannun ya fito. Abokin ango ya zo yana ta gumi, yana fama da direbobi. Da ya matso kusa da ni na ƙara fito da hannun. Sai ya ce, Malama, ke da kika fi kowa tsawo, don Allah hango mana ko motocin sun shigo layi. Ban da sannun nan, iyakar maganar da ta taɓa haɗa ni da shi ke nan har yau.

Bayan biki ƙaiƙayi ya fara. Fatar ta tashi, ta bi zanen daidai, kowane ganye da kowace fulawa suka kumbura suka yi ruwa. Na ɓoye wa Umma, ina yawo da hijabi a cikin gida, ina shafa man kaɗanya ina addu'a. Ranar gwaji na zura riga mai dogon hannu, na cije leɓe na bi Malama.

Edita, abin da na gani a babban ɗakin wasannin nan shi ya sa na ɗauki alƙalami. Masu horarwa sun zo da wasu manyan 'yan wasan ƙasa, kuma mun tarar suna motsa jiki. Tun daga ƙofa na ji ƙarar ƙwallo kamar ana kirɓa sakwara a turmi. A rayuwata ban taɓa ɗaga kai don in kalli fuskar mace ba sai ranar. Ɗaya ta taho da gudu ta tashi sama, wallahi sai na ga kamar ta ɗan tsaya a iska tana zaɓen inda za ta sauke ƙwallon, kafin ta doke ta ɗakin ya amsa. Wata a ɗaya ɓangaren ta zube da ƙirjinta a ƙasa, ta zame, ta sa bayan hannu ta ɗago ƙwallon da kowa ya ɗauka ta mutu, ta miƙe tana dariya. Yatsunsu a naɗe da filasta, gwiwoyinsu duk tabo, kowacce da yarenta, akwai ma mai ɗankwali irin nawa, amma in ƙwallo ta tashi sai su zama kamar jiki ɗaya. Na tsaya baki buɗe har na manta da raɗaɗin hannuna. Duk karance-karancena ban taɓa cin karo da marubucin da ya siffanta irin wannan kyau ba, kuma a cikin matan nan babu wadda ta damu da wanda yake kallonta.

Aka kira sunana. Babbar 'yan wasan ce ta tsaya a bayan raga za ta bugo mini, kuma na ga ta sassauta hannu saboda ni yarinya ce. Na haɗa hannuwa na durƙusa yadda aka koya mini. Ƙwallon tana sauka na ji kamar an watsa mini tafasasshen mai. Na daure na tare ta biyu. A ta gaba jikina ya ƙi, hannuwana suka janye da kansu, ƙwallon ta faɗi a gabana. Hannun rigata ya jiƙe ya manne da fata. Matar ta ɗaga wa mai horarwa hannu, ta sunkuyo ta ƙarƙashin raga ta zo wurina. A hankali ta naɗe rigar, ta daɗe tana kallon fulawoyin da suka farfashe. Da irin Hausar mutanen Jos ta tambaye ni wa ya yi mini haka. Na ce biki aka yi a gidanmu. Ban ga fushi a fuskarta ba. Ta jera hannunta kusa da nawa, baƙi ƙirin, duk ya yi kanta, mai tauri kamar icen gatari.

"Ƙanwata, tarar farko da kika yi ta yi kyau," ta ce. "Da kin kawo mini hannu lafiyayye, da na so in ga sauran."

Malama ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta tare adaidaita sahu ta kai ni asibiti, jakata a kan cinyarta, tana kallon titi. Likita ya ce sinadarin dayis ne bai karɓi fatata ba, kuma ba ni kaɗai ya taɓa gani ba. Kafin in warke an zaɓi waɗanda za a zaɓa an tafi da su. Na gama makaranta, rayuwa ta ja ni wani wajen.

Yau ina ɗakin mijina a Shahuci, kuma duk lokacin da ƙungiyar ta fita waje gasa ina bibiyarta a waya. Ba kullum suke cin nasara ba, sau da dama sukan haɗu da waɗanda suka fi su shiri su dawo hannu rabbana. Maigidana yakan tsokane ni ya ce 'yan gidanku sun sake shan kashi, a kawo miki ruwan sanyi? Nakan ce masa wanda bai taɓa tsayawa a gaban ƙwallon nan ba bai san abin da ake nufi da tare ta ko sau ɗaya ba. Ni na tsaya a gabanta, kuma ko wadda aka sassauta ma na san nauyinta.

Abin da na koya shi ne Allah yakan ba mutum baiwarsa a inda shi yake ganin muni, ya yi ta ƙoƙarin rufe ta don ya yi kama da wasu. 'Yan'uwana 'yan mata, ku yi kwalliyarku, amma kada ku miƙa wa baƙin dayis hannu sai kun gwada shi a ɗan wuri kun jira kun gani. In kuma wadda ta san darajarku ta ce ku dakata, ku dakata, biki ba ya ƙarewa a Kano. Ni dai har yau in an jera matan nan da kore da fari ana taken ƙasa, ko tuwo nake tuƙawa sai na ajiye muciya na miƙe tsaye, ba na iya zama sai an gama.