Ba Baba Haruna Ne Ya Kashe Giyar Alhaji Ba

Ina kwance a ƙarƙashin wata mota a garejinmu na bayan unguwar Mokola a Ibadan, da hantsin ranar Talata, wayata ta yi ƙara. Rabi ce, babbar 'yar Baba Haruna, maigidana a wurin aiki. Ko sallama ba ta iya yi ba, ta ce, "Yaya Sani, Baba ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe a kwance da sifana a hannu, man giya yana ɗiga a rigata, na kasa fitowa.

Kafin azahar mun kai shi makwancinsa. Mutanen Sabo, unguwar Hausawa, sun fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, Allah Ya ba kowa ladansa. Amma a zaman makoki na ji abin takaici. Manyan garejinmu sun jeru a kan tabarma, kowa yana girgiza kai yana cewa, "Kai, ba a yi bakaniken giya kamarsa ba a Ibadan." Su ne fa! Bakunan da suka raba shi da rumfarsa shekara uku da suka wuce, su ne yau suke yabonsa. Wallahi raina ya ɓaci, kuma har yanzu da nake rubutun nan a ɓace yake. Mutumin nan ya shiga kabari da tabo a sunansa, tabon da ba nasa ba, kuma ba zan bar shi a kansa ba.

Shekara ashirin da ɗaya na yi tare da shi. A hannunsa na koyi aikin giyar otomatik, wato motar da ke sauya giya da kanta, har na yi aure na haifi 'ya'ya ina rumfarsa. Mutum ne mai ƙarancin magana. Ba ya shiga motar mutane sai ya wanke hannu ya shimfiɗa tsumma a kujera. Idan an kawo mota, ba ya rarumar sifana. Yakan ce, "Mota tana faɗin ciwonta, mu ne kurame."

Abin da ya fi shahara da shi shi ne maganin kakkarwa. Masu mota sun san ta: kana tafiya lafiya lau, da gudu ya kai sittin ko saba'in sai motar ta ɗauki rawar jiki kamar mai zazzaɓi. A garejinmu da an ji haka sai a ce giya ta mutu, a sauke ta, a sayo tokumbo, wato ta gwanjo daga ƙasar waje. Baba kuwa sai ya ce mai motar ya shigo, su hau titin Ojoo. Da kakkarwar ta taso, sai ya ɗan taɓa birki da ƙafar hagu, bai ɗaga ta dama daga totur ba. Idan rawar ta tsaya cak, ya gane kwanbata ce, wato tulun ƙarfen nan da ke tsakanin inji da giya, kuma yawanci mai ne ya ƙone ya hana ta kamawa sosai. Idan ba ta tsaya ba, sai ya ce a duba filogi ko taya. Daga nan ya zaro gejin auna man giya ya shinshina. Maganinsa a juye tsohon mai a zuba sabo, a yi tafiyar mako guda, a dawo a sake, har sau uku. "Ba a yi wa mai mura tiyata," in ji shi. Kuma ba kowane mai ba. Kowace giya da nata, sai ya sa tabarau ya karanta jikin galan harafi harafi. Sau nawa ya ja mini kunne: "Sani, ja ba suna ba ne. Jan mai iri-iri ne."

Wata malamar makaranta, Mama Tope, ta taɓa zuwa tana hawaye an ce sai ta sayi giya. Ya lallashe ta da Yarbanci, ya sauya mata mai sau uku, motar tana kan titi har gobe. Na gan ta a gidan makoki ta rufe fuska da gyale. Irin wannan aikin ne ya sa Oga Lamiɗi, mai shagon kayan mota na bakin ƙofarmu, ba ya ko son ganin inuwar Baba, don duk giyar da Baba ya ceto, tasa ce ta kwana a kanta.

Sai ga motar Alhaji Ɗanjuma, ɗan kasuwar goro, tana kakkarwa. Baba ya gwada ta, ya yi juyin farko, ya ce a dawo bayan mako. Ranar da Alhaji ya dawo, Baba yana asibiti, domin a lokacin hannunsa ya fara rawa, yana ganin likita. Alhaji ya ce shi Arewa zai yi sammako gobe, ba zai jira kowa ba. Irin man da Baba ya zuba ya ƙare a rumfa. Na je shagon Oga Lamiɗi, ya miƙo mini wani galan daban. Na ce, "Oga, ba irinsa ba ne." Ya kwashe da dariya ya ce da Hausarsa mai haɗe da Yarbanci, "Zuba jare! Ja ja ne. Ko kai ma ciwon tsohon ya kama ka?" Alhaji yana tsaye a kaina yana duba agogo, yana cewa, "Haba Sani, ka sallame ni mana." Na zuba. Da hannuna na zuba, ina sane da abin da aka koya mini.

Motar ba ta kai Jebba ba giyar ta ƙone ƙurmus.

Aka jawo ta, manyan gareji suka kira zama. Alhaji yana huci, yana cewa an ba shi shawara tun farko ya sayi giya, tsoho ya yaudare shi da mai. Oga Lamiɗi, wanda ya san komai, shi ne ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce hannun da ba ya iya riƙe kofin shayi bai kamata a bar shi da motar mutane ba. Baba ya miƙe. Ya je ya zaro geji, ya shinshina, ya murza man tsakanin yatsunsa. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya. Sannan ya ce, "Daga rumfata motar ta fita. Laifina ne." Ni kuwa ina tsaye kamar gunki, bakina ya yi nauyi. Tir da wannan shirun nawa!

Suka ce ya huta haka nan, ya bar mini rumfar. Bai ishe su ba, sai da suka laƙaba masa suna Baba Kakkarwa, wai rawar hannunsa ce take shiga motoci. Manya masu furfura suna faɗa suna tafawa. Babu wanda ya ce a duba galan ɗin da ke yashe a bayan rumfa. Babu wanda ya tambayi wa ya yi juyi na biyu. Ku manyan gareji, kun sani, ba ku so ku sani ba ne, don hanyarsa tana hana ku sauke giya. Mutumin da ya koya wa rabinku riƙe sifana ya koma zaman ƙofar gida, idan mota ta wuce tana rawa ya bi ta da ido.

Bayan wata biyu na kasa barci na kasa cin abinci, na je na durƙusa gabansa. Ban gama buɗe baki ba ya ce, "Tashi, Sani. Hannuna ne ya tsufa, hancina bai tsufa ba. Tun ranar na sani." Na ce zan je in faɗa wa kowa. Ya ce, "Ka faɗa su kore ka, wa zai ci da 'ya'yanka huɗu? Nawa sun girma. Muddin ina numfashi ban yarda ka buɗe baki ba." Da na miƙe zan tafi ya ƙara da cewa, "Amma ka riƙa karanta jikin galan."

Na yi masa biyayya, kuma ba zan ɓoye ba, biyayyar ta yi mini daɗi don ta rufa mini asiri. Wannan ma yana cikin abin da yake cina. Yanzu numfashin ya ƙare, alkawarin ya sauka daga wuyana. Jiya na je na faɗa wa Inna Hajara, matarsa, a gaban 'ya'yansa. Ta ce, "Shekara uku ina ganin yana juya abinci a kwano, bai taɓa gaya mini dalili ba." Ranar Juma'a zan faɗa a gareji, a gaban Alhaji Ɗanjuma da Oga Lamiɗi. In sun ga dama su karɓi rumfar, dama ba tawa ba ce.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Haruna, Ka haskaka kabarinsa, Ka yafe masa kurakuransa. Yadda ya rufa wa wani asiri ya ɗauki kunyar a kansa, Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka bai wa Inna Hajara da Rabi da ƙannenta haƙuri, Ka yi wa bayansa albarka, Ka kare su daga bakin mutane. Waɗanda suka yi masa dariya, Ka ba su ikon tuba tun suna da sauran lokaci, ni ma Ka yafe mini.

Duk wanda ya ji wancan labari na giyar Alhaji a Sabo ko Mokola, don Allah ya kai wannan inda ya kai wancan. Baba Haruna bai taɓa kashe giyar kowa ba. Ni Sani, ni na zuba man.