Ranar da Na Kori Baba Daga Gonarsa

Ni ce na kori mahaifina daga gonarsa, da hantsi, mutane suna kallo. A ƙauyenmu da ke bayan Gwiwa har yanzu akwai tsofaffin da ke amsa gaisuwata a daƙile saboda wannan. Su ci gaba. Da za a maimaita, haka zan sake yi.

Baba ya ga abin da gado ya yi wa gidansu. Shi da ƙaninsa, uwa ɗaya uba ɗaya, sun yi ta jan juna gaban alƙali a kan fadamar kakanmu, har ƙanin ya rasu ba sa ga maciji da juna. Shi ya sa da ƙarfinsa ya fara ja baya ya tara mu, yayyena maza uku da ni, ya kira liman da mai unguwa, ya zaga da mu gonakin ya nuna wa kowa tasa. Aka dasa gamba a kan iyaka. Ni na samu ta kan jigawa, mai gawo biyu a tsakiya, wadda ya fi so.

Kafin a watse liman ya ja mana kunne. Ya ce kyauta ba ta tabbata sai wanda aka ba ya karɓa a hannunsa, mai bayarwa kuma ya cire nasa. Idan Baba ya ci gaba da noma wata gona har rai ya yi halinsa, to ta koma gado, sai an sake rabo.

Yayyena a ƙauyen suke, damina na faɗuwa kowa ya shiga tasa. Ni kuwa ina Kazaure ina koyarwa, ga miji ga yara. Baba ya ce, "Uwata," haka yake kirana don sunan mahaifiyarsa gare ni, "bari in riƙe miki bana." Na ce to. Da shekara ta zagayo ya sake riƙewa. Kaka ta yi ya aiko min da gero da wake, ni kuma ina ta zuba godiya kamar sakarai.

Babban yayanmu ne ya farkar da ni, bai ma sani ba. Na je gaishe su da ƙaramar salla, na ce ina so in sa 'yan ƙwadago su yi min shuka bana. Ya yi wani irin murmushi. "Haba ƙanwata, me ya haɗa malama da noma? Bar tsoho ya riƙa motsa jikinsa." Sau biyu ya faɗa. Yayan da ko ciwo nake bai cika cewa sannu ba, yau shi ne mai tausayina? A mota kan hanyar komawa maganar liman ta faɗo min. Ba gonar kaɗai na ji wa tsoro ba. Na san halina, na san na yayana. Ranar da aka ce a sake rabo, ni da shi mun rabu ke nan, abin da Baba ya guda kuma ya same mu.

Ruwan shuka na sauka na zo da kaina, na tsaya a kan ma'aikata aka shuka riɗi, abin da Baba bai taɓa shukawa a wurin ba, don kowa ya san hannu ya canja. Na durƙusa a zaure na yi masa bayani. Ya ce Allah ya yi albarka. Na ɗauka an gama.

Ranar wata Asabar na dawo duba noman farko. Tun daga nesa na hango shi a duƙe tsakiyar riɗina da 'yar fartanyarsa. Maƙwabtan gona duk sun fito, har mai unguwa yana cikin tasa. Tun kafin a haife ni mutumin nan yake shiga wurin nan kowace safiya, ni ce zan ce masa kada ya ƙara?

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba ni fartanyar nan."

"Ciyawa ce ta yi yawa, Uwata. Kaɗan zan rage miki."

"Na gani. Ba ni."

"Ni kike kora?"

Hawaye na zubo min, amma ban sunkuyar da kai ba. Na ce, "E, Baba. Kai ka ba ni. Idan da gaske ka ba ni, ka fita."

Wata tsohuwa mai ɗauke da itace ta rafka salati. Baba ya kalle ni. Sannan ya miƙe a hankali, hannu ɗaya a ƙugu, ya miƙo min fartanyar ta ƙota. Ya juya wajen maƙwabta, ya ɗaga murya yadda bai saba ba.

"Mai unguwa! Jama'a! Kun gani ko? Ta kore ni. Ku riƙe wannan. Ranar da ba na nan, ku faɗa."

Ya fita ya kama hanyar gida. Na tsaya ina kallon bayansa. Ya kai hannayensa baya, ya dawo da su gaba, ya rasa inda zai ajiye su. Bakina ya buɗe zan kira shi. Na rufe.