Ɗakin Kaka a Saman Bene

Ina tsakiyar karatun zanen gine-gine a jami'a a Makka aka kawo mana wani malami ɗan Indiya, siriri, mai tafiya kamar zai tashi sama. Mu kuwa lokacin gilashi kawai muka sani. Kowa ya zana dogon bene mai ƙyalli, ya cika shi da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, shi ke nan ya zama gwani.

Bayan azahar yakan kora mu titunan unguwar Aziziyya, ya ce kowa ya ɗora tafin hannunsa a bango ya ji. Mun sha tsine masa a zuci. Sai mun dawo sharkaf da gumi yake nuna mana hotunan gine-ginen ƙasarsu: makarantun jan bulo, baranda mai zurfi, bango mai huji-huji wanda iska ke ratsawa amma rana ta tsaya a waje.

A gidanmu na unguwar Shisha kuwa kakata ce ba lafiya. Da tsufanta ta taho daga Kano, burinta ɗaya, ta ƙarasa kwananta a Makka. In an kunna mukayyif ƙirjinta ya toshe, ta yi ta tari. In an kashe, zafi ya nemi halaka ta. Har Baba ya fara zancen mayar da ita gida.

"Halas, ya isa haka, Inna," in ji shi, "lafiyarki ta fi komai."

"Da ƙafata na zo," ta ce. "Ba mai sa ni a jirgi."

Na tsorata ƙwarai. Na zana ɗan ɗakin da ke saman benenmu na kai wa malamin. Ya tambaye ni ta ina rana take faɗuwa, sannan ya ɗauki fensir: rufi biyu da sarari a tsakani, bangon huji ta yamma, tagogi suna kallon juna.

Baba ya juya takardar. "Ya waladi, karatun naka ke nan? Huda bango?" Ya gama mitarsa, ya kira magini.

Ba zan ce ɗakin ya zama firji ba, Makka ce. Amma da fanka kaɗai Kaka ta zauna a ciki, tarin ya lafa, zancen jirgi ya mutu. Ta yi shekaru tana jan carbinta a inuwar bangon nan. Har gobe ina sa malamin nan a addu'a.

Ranar da muka ɗauki gawarta zuwa Harami, na waiwaya sai ga malamin a bayana, kafaɗarsa ƙarƙashin makara. Bai taɓa ganin fuskarta ba.