Tsallen da Ya Fasa Min Dodon Kunne

Assalamu alaikum. Na daɗe ban ce komai a nan ba, har wasu na tambaya ko na bar Alƙahira. Ina nan unguwar Madinat Nasr, jinya na yi.

A kogin Yawuri na koyi iyo. Da na zo karatu na shiga ƙungiyar ninkaya ta jami'armu, har aka sa ni cikin masu zuwa gasar jami'o'i ta ƙasa.

Muna atisaye na yi tsalle daga kan dogon katako, na faɗa ruwa ta gefen hagu. Na ji fus a kunne. Na ce ruwa ne, zai fita.

Bai fita ba. Sai mugunya, sai jiri. Ranar da na ga titi yana juyawa, abokin ɗakina Mamman, ɗan Maraɗi, ya ce, "Khalas, shi ke nan, yalla mu tafi asibiti."

Likitan dattijo ne. Ya haska kunnen, ya ce dodon ya fashe, ciwo ya shiga. A gwajin ji aka ce in danna maɓalli in na ji ƙara. Ta hagu na yi ta jira, ban ji ƙarar ba.

Na tsorata, amma son sani ya fi tsoron yawa. Me ya haɗa kunne da jiri? Ya ce can ciki akwai wani ɗan ruwa, shi ke gaya wa jiki inda sama take.

Ashe shi ma ya yi wannan gasar yana ɗalibi. "A zamaninmu da agogon hannu ake kama lokaci," in ji shi, "alƙalai su yi ta musu kan wanda ya riga taɓa bango." Kullum na je wankin kunne da sabuwar tambaya nake zuwa. Wa ya fara gasar? Yaushe mata suka shigo? Wasu ya amsa, wasu ya ce in je in bincika. Har yanzu ina bincike.

Aka yi tiyata, aka yanko 'yar fata daga bayan kunnen aka yi faci. Gasar a benci na kalle ta, da auduga a kunne. Na yi wa Innata ƙorafi a waya, ta ce, "Ni kunnen nake so, ba kofi ba."

An yarda in koma iyo da abin toshe kunne. Tsalle kuwa, khalas.

Masu shiga ruwa, in kunne ya kwana yana ciwo ku ga likita. Kada ku soka tsinke, kada ku ɗiga mai.

Na gode wa Allah, da likitana, da duk wanda ya yi addu'a. Jiya Mamman ya yi min raɗa ta hagu don ya gwada ni. Cewa ya yi in tashi in wanke kwanuka. Na ji sarai.