Hannun da Ba Ya Sakin Igiya

A garin Kalpitiya da ke bakin teku babu wanda bai san hannun Nisthar masunci ba. Yatsu uku ne a damansa. Sauran biyun igiya ta cinye, ranar da guguwa ta wurga ƙaninsa Rifkan cikin teku, shi kuwa ya naɗe ta a hannu ya ja, nama na yagewa, har ya fito da shi. Tun daga nan ya ɗauki riƙo tamkar addini. Mutumin kirki ne, amma taurin kansa ya isa ya fasa kwakwa.

Da kifi ya ja baya, Rifkan ya koma koya wa baƙi wasan lema a tafki. Za a ɗaura maka igiyar wata babbar lema mai tashi sama a ƙugu, ka riƙe sandarta, iska ta ja ka a kan allon da ke da fiffiken ƙarfe a ƙasa, mai kaifi kamar adda. Nisthar, da furfurarsa, ya ce shi ma sai ya koya.

"Yaya, ga darasin farko," in ji Rifkan. "In abu ya ɓaci, saki sandar. Kana ja, kana ƙara wa lemar ƙarfi."

"Da na iya saki, da tuni kifaye sun gama da ƙashinka. Miƙo nan, malamin tsiya."

Iskar Yuni ba ta san babba ba. Allon na ɗagawa sama da ruwa Nisthar ya tsorata, ya yi abin da jikinsa ya sani: ya ja sandar har ƙirji. Lemar ta fizge shi sama ta maka shi da ruwa. Fiffiken ya tsarge masa cinya, ruwan ya yi jawur. Hagunsa ya suɓuce, damar ta ƙanƙame. Lemar ta haukace, tana ɗaga shi tana makawa, tana jan sa rub da ciki zuwa turakun da masunta suka kakkafa a bakin tafki.

Rifkan ya bi shi a kwalekwale mai inji yana ihu, "Saki, Yaya, saki!" Nisthar na jin sa sarai. Hannun ne ba ya ji.

Saura ƙiris a kai turakun, Rifkan ya ɗaga filafilin tuƙa kwalekwale ya sauke a kan yatsun nan uku. Ba su buɗe ba. Ya ƙara, ya kuma ƙarawa, har ƙashi ya ce ƙas. Sandar ta kuɓuce, lemar ta zube.

A cikin kwalekwalen Rifkan ya ɗaure masa cinya da rigarsa, yana kuka kamar shi aka dokawa.

"Ban saki ba fa," in ji Nisthar, haƙoransa na haɗuwa. "In an tambaye ka, ka faɗi gaskiya."

"Na sani, Yaya. Wa ya fi ni sani?"

Yatsun sun warke a miƙe, ba sa dunƙuluwa. Bai ƙara jan komar kamun kifi ba, kuma abin na cin sa har yau. Yana zaune a rumfar Rifkan yana shan shayi da hagu. Duk sabon ɗalibi, wurinsa ake fara turo shi. Ba ya dogon bayani, hannun yake ɗaga masa.